Ƙurar Jibiya, Ranar Bazara da Fentin Mota

  Gaisuwa ta musamman ga direbobin da ke bin hanyar Katsina zuwa Jibiya, da masu wucewa ta Magama su tsallaka Ɗan Isa har Maraɗi, da dillalan motoci, da masu fenti, da samarin da ke tsaye a bakin titi da bokiti da soso suna neman halaliyarsu. Yau a kan jikin mota za mu yi magana: yadda fenti ke dusashewa, yadda ake dawo masa da ƙyalli, da abin da ake bayarwa kafin ƙyallin ya dawo. Abin da nake so in tabbatar muku kafin lokacinmu ya cika shi ne, duk ranar da aka kafa wa mota injin folish, fentinta raguwa yake yi, kuma abin da aka cire ba ya sake tofowa. Saboda haka wanda ya san ciwon motarsa jefi-jefi yake yin folish, sai ya mai da ƙarfinsa ga wanki mai kyau da kariya, domin a wajen wanki ne yawancin motocinmu ke rasa ƙyallinsu.

Mutumin Jibiya ya fi kowa sanin dalilin da ya sa wannan magana ta zama ta yanzu. Shekara da shekaru motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka suna sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, su ratso ta Nijar, su shigo Arewa ta iyakoki irin ta Jibiya. A wancan lokaci idan mota ta tsufa, mai ita ba ya wahalar da kansa, sai ya sayar ya ɗauko wata 'yar Kwatano. Daga ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin, kuma ta Jibiya ba ta cikin waɗanda aka fara buɗewa a Disamba 2020, sai a Afrilu 2022 hukumar kwastam ta buɗe ta. Ba a daɗe ba aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, aka sake rufewa, har zuwa Maris 2024. A daidai wannan tsakani darajar naira ta faɗi, dalar da ake saya kimanin naira 460 a farashin gwamnati kafin Yuni 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Sakamakon haka kowa ya gani da idonsa: motar da ke hannunka yau, Golf ce, 406 ce, Sharon ce, Corolla ce, ita za ka ci gaba da riƙewa shekaru masu yawa, kuma ranar da za ka sayar da ita, jikinta mai saye zai fara dubawa kafin ya ce a buɗe masa bonet. Fentin da kamfani ya fesa mata ya zama dukiyar da ba ka da hanyar sake sayowa.

To, mene ne wannan fenti, kuma nawa ne kaurinsa? A motocin zamani hawa huɗu ne. Na farko shi ne wanda ake tsoma gangar motar gaba ɗaya a cikinsa a kamfani, a sa wutar lantarki ta manna shi a kowane lungu na ƙarfe, shi ne mai hana tsatsa. Sai faraima a kansa, mai daidaita fuska. Sai launi, ja ko baƙi ko ruwan toka, wanda siriri ne ƙwarai kuma shi kaɗai ba ya ƙyalli. Sai na sama, wani ruwan fenti garai-garai marar launi wanda masu fenti ke kira kiliya. Ana auna kaurin waɗannan da maikiron, wato milimita ɗaya a raba ta gida 1,000. Duk hawa huɗun idan aka haɗa su, a yawancin motoci tsakanin maikiron 100 ne zuwa 150, kusan kaurin fallen takarda guda. Kiliyar da ke sama kuwa tsakanin 35 ne zuwa 50, ba ta kai kaurin silin gashin mutum ba. Wannan 'yar fatar ita ke ɗauke da ƙyalli, kuma a cikinta kamfani ya zuba sinadaran da ke tare zafin hasken rana, wato ɓangaren hasken nan da ido ba ya gani amma yake koɗar da atamfa idan ta daɗe a shanya. Idan kiliya ta ƙare, launin da ke ƙarƙashinta ba shi da mai tsaron lafiyarsa.

Ƙyalli kuma ba wani abu ba ne illa santsi. Idan fuskar kiliya a daidaice take sumul, hasken da ya faɗo mata yakan koma gefe guda a jere, sai ido ya ga hoton gajimare da bishiya a jikin ƙofa. Idan fuskar ta cika da ƙananan kwarzane, kowane kwarzane yana watsa hasken inda ya ga dama, sai motar ta yi fari-fari, ta dusashe. Ku tsaya kusa da baƙar mota da tsakar rana ku dubi inda rana ta haska a bonet, za ku ga zare-zare sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Waɗannan kwarzane ne dubbai da tsumma ya bari. Abin da folish ke yi shi ne ya gurje kiliyar da ke kewaye da kwarzanen har ta sauko daidai da gindinsa. A cikin man folish akwai garin ma'adini mai laushi ƙwarai, galibi na alminiyam, shi ke yin gurzar. Ramin bai cike ba, tudun da ke gefensa aka rushe. Folish mai sauƙi yakan ɗauke maikiron 1 zuwa 3, man gurza mai kaifi da inji mai ƙarfi yakan ɗauke ninkin haka, idan kuma aka sa sanfefa abin ya wuce nan. Ƙa'idar da ƙwararrun wannan sana'a ke bi ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kiliya a duk tsawon rayuwar mota. Ku yi lissafin da kanku: kashi ɗaya cikin huɗu na maikiron 40 shi ne 10. Wannan shi ne jarin mai mota kacokan, kuma motar da ta zo daga Turai mai yiwuwa an riga an ci wani abu daga ciki kafin ta hau jirgin ruwa.

Yanzu mu zo ga abokin gaba na farko, wanda kowane mai mota a wannan yanki ke kwana da shi ya tashi da shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na ɗebo ƙura daga Sahara, musamman daga Kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda a da can ƙasan wani babban tafki ne. Ga kuma rairayin ƙasarmu, wanda tayoyin manyan motoci ke tayarwa a hanyar Magama da kewayen kasuwar Jibiya. A cikin wannan ƙura akwai ɓarɓashin ƙanƙarar dutse, wadda masana ke kira kwaz. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin taurin ma'adinai a 1812, daga 1 zuwa 10. Kwaz na kan mataki na 7, ƙarfen wuƙa na wajen 5 da rabi, gilas ma bai kai kwaz ba. Fentin mota kuwa ɗan'uwan roba ne, yana can ƙasa nesa. Abin da ke iya kwarzar gilas, ina fenti zai iya da shi? Ƙurar da ke kwance a kan mota ba ta yin ɓarna muddin ba a taɓa ta ba. Ɓarnar tana farawa ne lokacin da direba ya fito da safe, ya zaro busasshen tsumma daga ƙarƙashin kujera, ya bi jikin motar da shi, ko yaro ya zo a tasha ya shafe bonet da ƙyallen da ya goge motoci goma da shi. Kowace irin wannan shafa gurza ce, ba tare da ruwan da zai ɗaga yashin ba. Wanda ke yin haka kullum da niyyar tsafta ya fi wanda ya bar motarsa da ƙura mako guda cutar da fenti.

Rana ita ce abokiyar gaba ta biyu. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a Katsina da Maraɗi kan haura digiri 40 a inuwa, kuma rufin baƙar mota da ke tsaye a fili kan kai digiri 70 ko fiye. Shi ya sa kiliya ke fara mutuwa daga rufi da bonet da saman but, ƙofofi kuwa suna nan da sauransu. Na uku ruwa ne. Ruwan rijiyar burtsatse a wurare da yawa yana da zartsi, idan ya bushe a kan ƙarfe mai zafi sai ya bar farin tabo, tabon kuma idan ya daɗe yakan ci ya shiga cikin kiliya. Na huɗu Omo da Klin da 'yan'uwansu. An yi su ne don su fitar da maiƙo daga tufafi, saboda haka suna wanke duk wani kakin da aka shafa don kariya, su busar da robobin gilas, garin da bai narke ba kuma ya yi tasa gurzar. Sai bishiya. Kowa na rububin inuwar bedi, kuma inuwa alheri ce, amma 'ya'yan bedi da ƙaro da kashin tsuntsu da na jemage suna da tsami, a rana mai zafi kuwa cikin 'yan sa'o'i sukan bar shaidar da wanki ba ya fitarwa. Wanda ya ga kashin tsuntsu a motarsa ya jiƙa ƙyalle ya ɗora a kai ya yi laushi, sannan ya ɗauke, kada ya kankare.

Idan an fahimci wannan, tsarin wanki mai kyau ba ya buƙatar dogon bayani. A yi shi a inuwa, da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da za ka iya ɗora tafin hannu a bonet ba ka janye ba. A fara kwarara ruwa daga sama zuwa ƙasa kafin hannu ya taɓa motar, don yashi ya sauka da kansa. A ajiye bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ruwa zalla inda ake ɗauraye soso bayan kowane ɓangare, domin yashin da aka kwaso ya zauna a can, kada ya koma jikin fenti. A fara da rufi, a gama da gindin ƙofofi. Taya da wili su sami nasu soso da nasu bokiti, saboda garin birki ɓarɓashin ƙarfe ne. Soso ko tawul da ya faɗi ƙasa ya gama aiki sai an wanke shi. A tsane motar da tawul mai laushi, irin na maikirofaiba, kafin ruwan ya bushe da kansa. Wani zai ce ai ruwa saye ake yi a hannun 'yan garuwa, wa zai iya wannan almubazzaranci? Gaskiya ne ruwa na da tsada, amma jarka biyu masu lita 25 kan wanke ƙaramar mota a wannan tsari idan an yi tattali. Idan ruwan bai samu ba, a goge gilasai da fitilu da lamba, a ƙyale sauran jikin har ranar da ya samu. A nan zan ɗan ratse in roƙi masu kai motoci bakin madatsar ruwa ta Jibiya ko cikin gulbi su yi wanki: ruwan nan shi manoman rani ke ban-ruwa da shi, shi dabbobi ke sha, baƙin mai da sabulu ba su da wurin zama a cikinsa.

Sai ranar da ta kama a yi folish, domin akwai ranar. Kafin a taɓa inji, a binciki ciwon tukuna. A zuba ruwa a kan kwarzane: idan ya ɓace yana jiƙe, a cikin kiliya yake, folish zai iya da shi. A ja farce a kansa: idan farcen ya maƙale, ya yi zurfi, sai dai a rage kaifinsa a haƙura. Idan ana hango fari ko toka-toka a gindinsa, ya kai faraima, wannan aikin mai fenti ne. Idan kuma rufin mota ya yi farin dabbare-dabbare yana ɗayewa, kiliya ta riga ta mutu, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinka da sunan zai farfaɗo da ita da folish ya cuce ka. Bayan wanki a sa hannu cikin leda a shafa jikin motar, idan an ji gurzi-gurzi to akwai kwalta da ɓarɓashin ƙarfe da suka kafe, waɗanda ake cirewa da wani yumɓun roba da aka ƙirƙiro a Japan, ana fesa ruwan sabulu ana jan sa a hankali. Daga nan a zaɓi wuri ɗan ƙarami, kamar faɗin tafin hannu huɗu, a gwada man da ya fi kowanne laushi da soso mai laushi. Idan ya biya buƙata, shi ke nan, ba a wuce shi. Sai ya gaza ake hawa mataki na gaba. Inji iri biyu ne. Akwai mai juyawa wuri guda, mai sauri, mai tara zafi, wanda a hannun ɗan koyo yakan ƙone fenti cikin ƙiftawar ido, musamman a kan kaifin ƙofa da kusurwar bonet inda fenti ya fi siranta, da kan bamba ta roba wadda ba ta sakin zafi. Akwai kuma mai juyawa yana karkaɗawa, wanda ya fi jinkiri amma ya fi aminci. Abin takaici, a garejoji da yawa injin yankan ƙarfe ake ɗaura wa soso, alhali gudunsa ya kai juyi 10,000 a minti ɗaya, na folish kuwa tsakanin 1,000 ne zuwa 2,000 ake aiki da shi. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Bayan folish fenti tsirara yake, dole a rufe shi. Kakin mota na asali ana samunsa daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Brazil, ana kiransa karnuba. Ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80, shi ya sa ya fi kakin zuma da ke narkewa a wajen digiri 63. Duk da haka a ranarmu ba ya wuce 'yan makonni. Akwai na haɗin sinadari da ke kai watanni. Alamar kariya na nan ita ce ruwa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya a kan fenti, ranar da ya fara shimfiɗewa lokacin sabuntawa ya yi. Wannan shi ne aikin da ya kamata a yawaita, domin shafa kaki ba ya cire komai daga jikin mota, sai dai a duba kwalbar, saboda wasu an gauraya su da garin gurza. Akwai kuma abin da ake tallatawa yanzu a Kano da Abuja, wato seramik, ana cewa taurinsa 9H ne, ba abin da zai kwarzane shi. Yana da amfani, yana daɗewa shekara ko fiye, yana sauƙaƙa wanki. Amma wannan 9H ma'aunin taurin fensir ne, ba ma'aunin Mohs ba, kaurin abin kuma bai wuce maikiron 1 ko 2 ba. Yashin hunturu da busasshen tsumma za su ci shi kamar yadda suke cin kiliya.

Na san dattawan direbobi na da ja a kan wannan magana, kuma jan nasu na da tushe. Za su ce, mun riƙe Peugeot 504 ta kamfanin Kaduna da ya fara haɗa motoci a 1975, mun gurje ta da man gurza sau ba adadi, duk lokacin da aka goge sai ta dawo kamar sabuwa, yaushe aka fara wannan tsoro? Baba, gaskiyarka, amma fentin ne ya sauya. Yawancin motocin wancan zamani launi da ƙyalli a haɗe suke a hawa guda mai kauri. Idan rana ta ƙona samansa ya yi gari, sai a gurje mataccen a tarar da mai rai a ƙasa, shi ya sa tsumman ke fitowa da launin motar. Daga shekarun 1980 kamfanoni suka koma tsarin launi daban, kiliya daban. A motar yau idan ka ga launi a jikin soso, ka riga ka huda kiliya, ɓarna ta auku. Har yanzu akwai fararen motocin haya da na ɗaukar kaya masu fenti hawa guda, irin su tsofaffin J5, waɗannan sun fi jure gurza. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a ɗiga man folish a farin ƙyalle a shafa a wani lungu da ba a gani, a duba ko launi ya fito.

Wani kuma zai ce, a garin da ake fama da matsalar tsaro da tsadar abinci, wa ke da lokacin ƙyallin mota, kuma ko an goge, kafin a kai Magama ƙura ta rufe? Ba na raina wannan magana. Amma ku lura, abin da nake kira a yi ya fi abin da ake yi yanzu araha: a daina shafar ƙura a bushe, a daina Omo, a rage folish. Kuma fenti ba ado kaɗai ba ne, shi ke tsakanin ƙarfe da ruwan damina. Motar haya jarin gida ce, da ita ake ci da iyali, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ƙurar da ta sauka a kan fenti mai kaki da ruwa kaɗan take tafiya, wadda ta sauka a kan fenti mai kaushi sai an dirje. Akwai ma ɓangaren da ya shafi rai kai tsaye. Murfin fitilun gaba na motocin yanzu roba ne, rana na mai da shi rawaya ya yi hazo, hasken ya ragu sosai, ga hanya mai masu babura da dabbobi. Ana gyara shi da sanfefa mai laushi da ruwa, daga mai lamba 800 a hau har 3,000, sannan folish. Sai dai dole a fesa masa abin kariya daga rana bayan an gama, in ba haka ba cikin 'yan watanni zai koma gidan jiya. Man goge baki da ake shafawa na kwana kaɗan ne.

To idan kiliya ta ƙare, ba sai a sake fenti ba? Ana iya yi, kuma muna da masu fenti gwanaye a Katsina da Kano da Maraɗi. Amma a kamfani ana gasa fenti a zafin da ya kai digiri 140, tun kafin a sa wa motar waya ko roba ko kujera. Motar da aka riga aka haɗa ba ta jure wannan, ɗakin gashi na gareji a wajen digiri 60 yake tsayawa, mafi yawan masu fentinmu kuwa a fili suke fesawa, iska na kawo ƙura tana zama a cikin ɗanyen fenti. Ga kuɗin kayan da duk daga waje suke zuwa. Ga kuma kasuwa: da dillali ya gane an taɓa fenti sai farashi ya sauka, domin mai saye zai yi zargin haɗari. Wanda dole ta sa ya sake fenti, ya bari ya yi wata ɗaya zuwa uku kafin ya shafa masa kaki, don sinadaran ciki su gama fita. Masu fesawa kuma su ji wannan da kyau: maganin da ake zuba wa kiliya don ta daskare yana ɗauke da guba mai haddasa asma, ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ta, sai takunkumi na musamman.

Akwai wata tambaya da ta fi waɗannan nauyi a garin ciniki irin Jibiya: goge mota kafin a sayar, ba algus ba ne? A nan dole a rarrabe. Wanke kaya da gyara shi ya fito da kyansa na gaskiya halal ne, ba wanda ya ce a kai haja kasuwa da datti. Amma akwai ƙyallin da aka yi shi don ya ɓoye. Akwai mai shafa gas ko baƙin mai a jikin mota ta yi sheƙi na yini guda, alhali man na kama ƙura, yana lalata robobi. Man birki ma ya fi muni, domin shi cin fenti yake yi. Akwai mayukan kwalba masu cike kwarzane da maiƙo, mota ta fito kamar an yi mata folish, bayan wanki biyu komai ya dawo. Akwai kuma ƙofar da aka cika da fila bayan haɗari aka fesa fenti a kai aka yi shiru. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim sananne ne, na mai sayar da abincin da ya sa jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu ya gano, ya kuma yi tir da wannan hali. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya hana ɓoye aibin haja, kuma a fiƙihun Malikiyya mai saye na da haƙƙin mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsa. Mai saye kuma ya taimaki kansa. Ya duba mota da rana, ba da magariba ba, ba kuma a jiƙe ba. Ya goge wani wuri da ɗan sifirit da aka sirka da ruwa, maiƙon ɓoye kwarzane zai tafi. Ya naɗe mayen ƙarfe a ƙyalle ya bi ƙofofi da shi, inda ya ƙi kamawa sosai akwai fila. Akwai kuma 'yar na'ura ta aljihu mai auna kaurin fenti: inda ta nuna 120 a ƙofa ɗaya ta nuna 300 a ta kusa, an sake fesawa, inda ta kai 1,000 kuwa fila ce. Dillalin da ya riƙe wannan na'ura yana aunawa a gaban mai saye, ni a ganina shi zai fi kowa ciniki nan gaba.

Magana ta ƙarshe ga masu motoci ce, a kan samarin wanki. Sau da yawa su ake ɗora wa laifin kwarzane, alhali wanda ya zo yana gaggawa, ya tsaya a tsakiyar rana, ya ce a yi maza a gama kafin ya sha shayi, sannan ya miƙa kuɗin da ko jarka biyu ba za su saya ba, shi ya zaɓi bokiti ɗaya da Omo. Wanki irin wanda na bayyana yana cin kusan awa guda, yana cin ruwa, yana buƙatar sabulun mota da tawul fiye da ɗaya da rumfa. Yaron da ke aiki a ƙarƙashin ubangida ba shi da ikon sayen waɗannan sai an biya shi daidai wahalarsa. Alhaji, idan wurin wankin ba su da kayan, ka sayi naka sabulun da tawul uku ka ajiye a but cikin leda mai tsafta, ka miƙa wa yaron, ka nuna masa bokiti biyu, ka ƙara masa wani abu a kan abin da aka saba. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi a tashar Jibiya da masu wuraren wanki su ma za su iya sa farashi biyu a allo, na wankin gaggawa da na cikakken wanki, kowa ya san abin da ya biya.